Wakilin Cin Agwagwa

A layin masu injin ban ruwa na kasuwar Sabon Gari babu wanda bai san Tasi'u ba, kuma duk wanda ya san shi, da abu biyu ya san shi: ci da kunya. Wajen ci, mutum ne da zai tashi da malmala huɗu ta tuwo, ya ɗaga kai ya tambaya ko akwai ƙanzo. Wajen kunya kuwa, ta surukinsa Alhaji Ɗayyabu ce ta yi masa katutu. Kowa ya san ba a cin abinci a gaban suruki, amma shi Tasi'u ya ɗauki abin ya kai shi inda ko waɗanda suka faro shi ba su kai ba. Shekara goma sha biyu yana auren Furera, mahaifinta bai taɓa ganin ya kai ko ruwa bakinsa ba. An ce wata rana yana tsaye a bakin titi yana cin dabino, ya hango motar Alhaji ta shawo kwana, ya haɗiye dabinon da ƙwallonsa, ya durƙusa yana gaisuwa idanunsa na zubar da ruwa. Alhaji ya koma gida yana cewa yaron nan akwai taushin zuciya.

To, akwai wani ɗan ƙasar Sin, Mista Luwo, mai shigo da injunan ban ruwa. Shekararsa tara a Kano, Hausar kasuwa kuwa ta zauna a bakinsa daram, har tayi yake da ita ya ƙure Bahaushe. A bana ne ya yanke shawarar zai ɗauki mutum ɗaya ya damƙa masa kayansa, duk manomin Kura da Kadawa da Bunkure da ke son inji sai ta hannunsa. Mutum biyu suka rage a ransa, Tasi'u da wani ɗan Zariya. Wannan dama ita Tasi'u ke mafarki tun yana ɗauko inji bibbiyu daga Legas, rabinsu su zo da tari.

Ranar Laraba Mista Luwo ya shigo shagonsa ya ce, "Malam Tasi'u, Asabar bayan Azahar, zo mu ci abinci irin namu. Mahaifina bai taɓa ba mutum kaya ba sai ya zauna sun ci tare, ni ma haka nake. Makon jiya na ci da ɗan Zariyan nan. Ya yi ƙoƙari, faranti uku."

Da ya fita, Tasi'u ya yi dariya har da buga ƙafa. Faranti uku! Ashe jarrabawar ta ci ce? Ai da an gaya masa tun farko, da bai ɓata wata shida yana sa babbar riga yana zuwa ofis gaisuwa ba.

Abu ɗaya ya dame shi, 'yan tsinkayen nan biyu da mutanen Sin ke ci da su. Ya ƙwace fensir biyu daga jakar makarantar 'yarsa, ya zuba gyaɗa a faranti, kwana uku yana fama. Ranar farko gyaɗa ta fi yawa a ƙarƙashin kujera, kaji suka gode. Ranar Juma'a kuwa sai ga shi yana ɗaukar ƙwaya ɗaya ɗaya yana jefawa a baki, yana kallon Furera yana ɗaga gira. Ran Asabar da safe ta kawo masa ɗanwake ya sha mai da yaji da dafaffen ƙwai, ya kawar da kai.

"Ɗauke. Yau cikin nan an riga an kama shi."

"Ko kaɗan ba za ka taɓa ba? Ka san halinka da yunwa fa."

"Ke dai ki yi mini addu'a. Faranti uku wai. Zan nuna wa mutumin nan yadda ake yi."

Gidan abincin can cikin Nasarawa yake, irin wuraren da mai gadi ke duban takalminka kafin ya dubi fuskarka. Jajayen fitilu na reto, ga wani akwatin gilashi kifaye na yawo a ciki ba aikin fari ba na baƙi, ga sanyi kamar an buɗe firji. Wata ma'aikaciya mai jan kaya ta kai shi wani ɗaki na musamman. Bango ɗaya madubi ne tun daga sama har ƙasa. A tsakiya tebur ne kewayayye, an shimfiɗa masa farin ƙyalle har ƙasa, a samansa kuma wani faifan gilashi da ke juyawa in an taɓa shi. Kujeru uku aka ajiye, amma Tasi'u bai kula da ta ukun ba, hankalinsa na kan ƙamshin da ke fitowa daga kicin.

Mista Luwo ya tarbe shi hannu biyu, ya tabbatar masa mai dafa abincin musulmi ne, yanka kuma na mahautan gari ne, babu abin da zai sa shi waswasi. Aka zuba shayi a wani kofi da bai fi murfin kwalba ba, ba sukari ba madara. Tasi'u ya shanye a kurɓi ɗaya, ya ce a ransa ruwan zafi ne aka nuna wa ganye daga nesa. Sai aka kawo wasu 'yan abubuwa nannaɗaɗɗu, dogaye, soyayyu, suna ta tururi. Ya ɗauki tsinkaye yadda ya koya, ya cafko ɗaya tsaf bai faɗi ba. Mista Luwo ya tafa masa. Ya ɗaga, ya buɗe baki, ya yi bisimilla.

Ƙofa ta buɗe.

"Salamu alaikum."

Ko cikin barci Tasi'u ya san wannan muryar. Bai san lokacin da abin nan mai zafi ya bar tsinke ya faɗa aljihun babbar rigarsa ba. Ya zame daga kujera, ya tuɓe takalmi, ya zube a kan kafet.

"Baba, barka da rana. Kun zo lafiya? Ya mutanen gida? Allah ya ƙara girma."

Alhaji Ɗayyabu ya tsaya da sandarsa yana kallon tebur, yana kallon surukinsa. Tsohon ɗan kasuwar hatsi ne, dogo mai tumbi, mutum mai son raha da son nama, wanda likita ya hana shi abubuwa da yawa shi kuma bai hana kansa ko ɗaya ba. Direba aka aika masa aka ce ana son ya halarci wata magana ta alheri a kan mijin 'yarsa. Shi ya zaci ofis za a kai shi ya sa albarka.

Mista Luwo kuwa sai washe baki yake, ya yi abin kirki. "Malam Tasi'u, na ɓoye maka ne don ka ji daɗi! A wurinmu, in kana son girmama mutum, sai ka gayyato babbansa ka zaunar da shi a kujerar girma. Na tambaya a kasuwa aka ce mahaifinka ya rasu, Baba ne babbanka yanzu. Ka ji daɗi ko?"

"Ƙwarai," in ji Tasi'u daga ƙasa. "Na ji daɗi ƙwarai."

Mutumin nan shekara tara yana jin Hausa, amma duk a kasuwa ya ji ta, bai taɓa wuce zauren kowa ba.

Aka zaunar da Alhaji a kujerar da ke fuskantar ƙofa. Tasi'u ya ce shi nan ƙasa ya ishe shi, Mista Luwo ya ce atafau, ya kamo hannunsa ya ɗora shi a kujerar da ke kallon Alhaji ido da ido. Ya ɗosana rabin mazauninsa a bakin kujera, ya sunkuyar da kai yana ƙirga zaren ƙyallen tebur. Abin nan da ke aljihunsa kuwa yana ta gasa masa cinya, mai na ratsa shadda a hankali.

Abinci ya fara sauka. Miyar masara da kaza. Soyayyiyar shinkafa da ƙwai. Taliya da naman sa da tattasai. Jatan lande manya manya sun yi jawur. Kifi guda da kansa da jelarsa, kwance cikin romo. Duk wanda aka ajiye, sai Mista Luwo ya murza gilashi ya kai shi gaban Alhaji.

"Baba, bisimilla."

"Alhamdulillahi, na ci a gida," in ji Alhaji, yana kallon silin. Shi ma ai da tasa kunyar.

Gilashi ya juyo gaban Tasi'u.

"Alhamdulillahi," in ji Tasi'u.

Cikinsa ya ƙaryata shi nan take, da wata irin ƙara doguwa mai hawa da sauka, har ma'aikaciyar ta waiga ta dubi na'urar sanyi.

Mista Luwo ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya ɗan ci shi kaɗai, ba daɗi. Tasi'u ya so ya ce azumi yake, ya tuna an gan shi ya shanye shayi. Ya ce cikinsa ne ke ɗan murɗawa. Mista Luwo ya ce ai an zo gidan magani, ya sa aka kawo wani romo na citta mai ƙamshin da ya ƙara tayar masa da yunwar da ta ɗan lafa.

Ana cikin haka aka turo agwagwa.

Gasasshiya ce guda, fatarta ta yi ja tana sheƙi, mai na ɗiga. Mai dafa abincin da kansa ya biyo ta da farar hula da wuƙa, ya tsaya yana yanka ta siriri siriri, fatar na ƙaras ƙaras. Mista Luwo ya nuna yadda ake yi: a ɗauki wata 'yar waina mai kaurin takarda, a shafa baƙar miya mai zaƙi, a sa nama da albasa, a naɗe. Ƙamshi ya cika ɗakin. Tasi'u ya saci kallon surukinsa, ya ga maƙogwaron tsohon ya hau ya sauka sau biyu.

Alhaji ya yi gyaran murya, ya duba agogo.

"Af. Ƙarfe biyu da rabi. Likita ya ce kada in kuskura in wuce biyu da rabi ban sa wani abu a ciki ba. Lalura ce." Ya ture tsinkayen gefe. "'Yan mata, kawo mini ruwan wanke hannu. Waɗannan ku ajiye wa masu saƙa."

Ya naɗe hannun riga. Abin da ya biyo baya, Tasi'u bai gani da ido ba don kansa na ƙasa, amma ya ji da kunne, kuma jin ya fi gani ciwo. Ƙaras. Ƙaras. "Kai, Mista, Allah ya yi wa agwagwar nan albarka." Ƙaras.

Mista Luwo ya ji daɗi, ya samu abokin ci. Sai ya juyo kan wanda aka yi taron dominsa. Ya ɗauki 'yar tasar da ke gaban Tasi'u, ya shiga zuba masa da hannunsa, wanda a wurinsu babbar karramawa ce: shinkafa, jatan lande biyu, naɗin agwagwa uku a sama.

"Ci, abokina. Ɗan Zariya a nan ya zauna, ko ƙashi bai bari ba."

Tasi'u ya ji maganar har cikin ransa. Ya dubi tasar. Ya ɗaga ido kaɗan, ya ci karo da gemun Alhaji yana motsi. Ina! Hannunsa ya ƙi tashi. Sai dabara ta zo masa. Ya sa gwiwar hannu ya ture cokali ya faɗi, ya ce a gafarce shi, ya zame ya shige ƙarƙashin ƙyallen tebur. Can cikin duhu ya laluba aljihu ya zaro abin nan nasa, ya huce, ya lanƙwashe, amma yana nan da ƙamshinsa. Ya buɗe baki. Sai ya ga ƙafafun Alhaji a gabansa, an tuɓe takalmi, manyan yatsu biyu sun miƙe suna fuskantarsa, suna ɗan rausaya saboda daɗin agwagwa. Tasi'u ya tsaya. Ƙafa dai ba ido gare ta ba, ya sani, amma ƙafar suruki ce. Yana cikin wannan shawara aka ɗaga ƙyalle, haske ya shigo, ma'aikaciyar ta miƙo masa sabon cokali a kan faranti.

"Ranka ya daɗe, bar wancan, ga wani."

Ya mayar da abinsa aljihu, ya fito yana godiya kamar zai yi kuka.

Fuskar Mista Luwo ta fara canzawa. Ya daina murmushi, yana ta kallon tasar da ba a taɓa ba. Allah ya taimaka wayar Mista Luwo ta yi ƙara, ya nemi izini ya fita waje.

Ɗakin ya rage suruki da suruki. Alhaji ya dubi tasar Tasi'u, ya dubi ƙofa, ya miƙa yatsa ɗaya mai maiƙo ya ƙwanƙwasa gilashin sau biyu. Tasi'u ya gane. Ya ɗauki tasar hannu biyu cikin ladabi ya ɗora a kan gilashi, ya kawar da kai. Gilashi ya juya. Ƙaras, ƙaras, ƙaras. Gilashi ya sake juyowa. Ga tasa ta dawo tas, har an sa yatsa an share gefenta.

Mista Luwo ya shigo, ya ga tasa wayam, fuskarsa ta washe.

"Yawwa! Amma da sauri haka? Ban ga lokacin da ka ci ba."

"Ai haka yake," in ji Alhaji yana sakace. "Ba a ganin cinsa. Ni shekara goma sha biyu ban taɓa gani ba."

Murna ta sa Mista Luwo ya sake cika tasar, wannan karon har da tsokar kumatun kifi, wadda ya ce ita ake ba babban baƙo. Ya sunkuya yana laluben takardun yarjejeniya a jakarsa da ke ƙasa, zip ya cije masa. Ƙwan, ƙwan, in ji yatsan Alhaji. Gilashi ya tafi, gilashi ya dawo. Kafin zip ya saki, kumatun kifi ya riga ya isa inda za shi.

"Tasa biyu!" in ji Mista Luwo. "Saura ɗaya ka kamo ɗan Zariya."

Ya ajiye takardu a kan tebur, ya cika tasa ta uku. Tasi'u ya ƙura wa takardun nan ido. Ga sunansa a rubuce, ga gurbin sa hannu. Yunwa ta sa har yana ganin layukan bibbiyu, amma ya ce a ransa in dai haka ne, a kai shi Magariba ma ya yarda.

Mista Luwo ya tashi ya juya baya zai ɗauko butar shayi a kan wani ɗan tebur da ke jikin bango. Ƙwan, ƙwan. Tasi'u ya ɗora tasa. Gilashi ya kama hanya.

Sun manta bangon nan madubi ne.

Mista Luwo ya tsaya da buta a hannu, bai juyo ba. Ta cikin madubi ya ga tasa na tafiya a hankali, ta wuce kifi, ta wuce taliya, ta tsaya gaban Alhaji. Ya ga hannu ya sauka. Ta cikin madubin dai idonsa ya haɗu da na Alhaji, naɗin agwagwa na rabin hanya.

Ya ajiye butar. Ya dawo ya zauna. Ya tattara takardunsa ɗaya bayan ɗaya, ya daidaita bakinsu, ya ɗora hannu a kai. Babu sauran wasa a fuskarsa, kuma abin da ya fi damun Tasi'u shi ne ba fushi ya gani a wurin ba, ɓacin rai ne irin na mutumin da ya yi maka alheri ka watsa masa ƙasa a ido.

"Malam Tasi'u. Abincinmu ƙazanta ne a wurinka?"

"Wallahi a'a, Mista."

"To, ni ne ba ka yarda da ni ba?"

"Subhanallahi."

"Na kira ka, na ɗauko babanka, na zuba maka da hannuna. Ka yaudare ni a kan tasar shinkafa. Yaya zan yi in na ba ka kwantena guda na juya baya?"

Tasi'u ya ji gumi ya karyo masa duk da sanyin ɗakin. Shi ke nan, wata shida sun tafi a banza, inji ya tafi Zariya. Ya hango kansa yana komawa layi 'yan kasuwa na tambayarsa yaya aka yi, ya hango Furera da ɗanwakenta. Ya buɗe baki zai yi bayani, ya tarar bayanin ma abin kunya ne, don ba ka zauna gaban suruki kana cewa kunyarsa kake ji ba.

"Wato, Mista... abin ne... Baba ne... wato..."

Alhaji dai ya ga naɗin nan ya riga ya baro gida, ya ƙarasa da shi. Ya tauna a natse, ya kurɓi shayi, ya goge hannu.

"Mista, bar yaron nan, ba zai iya ba. Ni zan gaya maka. Ka ce ni babansa ne. To, ba babansa ba ne ni, uban matarsa ne. Mu a wurinmu, wanda ka ba 'yarka ba ya cin abinci a gabanka. Ko zai mutu."

"Ko zai mutu?"

"Ga shi kuwa kana gani, saura kaɗan. Yaron nan da kake kallo, in ba na nan, teburin nan duka bai ishe shi buɗe baki ba. 'Yata ta gaya wa uwarta, tukunya biyu ake ɗorawa a gidansu, ɗaya tasa, ɗaya ta sauran jama'a. Amma shekara goma sha biyu ko yawu ban ga ya haɗiya ba. Ba don tumbinsa da ke ƙaruwa duk Sallah ba, da na ce aljani na ba 'yata."

Mista Luwo ya dubi Tasi'u, wanda ya kusa shigewa cikin babbar rigarsa. "Gaskiya ne? Yunwa kake ji?"

Tasi'u bai amsa ba. Cikinsa ne ya amsa, dalla dalla.

Mista Luwo ya shafa haɓa. Ya ce, "Ni na jawo, ban tambaya ba. Kuma mutumin da zai zauna da yunwa awa guda a gaban agwagwa saboda girman babba, ban taɓa ganin irinsa ba." Tasi'u ya fara jin numfashinsa na dawowa. "Amma ka'idar mahaifina tana nan. Ban taɓa karya ta ba. Sai mun ci tare. Baba, ko za ka ɗan fita minti biyar?"

Alhaji ya dubi sauran kifin da ko juya shi ba a yi ba.

"Ƙafata ta yi tsami. Kuma ko na fita, ya san ina bayan ƙofa, ba zai wuce masa ba. Ai sai na bar unguwar."

"To, ka ga ke nan bai ci ba."

"Wa ya ce bai ci ba? Tasa uku aka zuba masa, tasa uku aka cinye. Ni ne wakilinsa."

"Baba, ana wakili a ci?"

Alhaji ya gyara zama, irin zaman da yake yi a da in zai sayar wa mutum gero a farashin shinkafa. "Mista, tsaya in tambaye ka. Da aure da cin agwagwa, wanne ya fi girma?"

"Aure."

"To, tambaye shi, ranar da aka ɗaura masa aure da 'yata, shi ya zo ya karɓa?"

Mista Luwo ya juya. "Malam Tasi'u?"

"Kawuna ne ya karɓar mini," in ji Tasi'u da ƙyar. "Ni ina can bayan masallaci."

"Ka ji ko?" in ji Alhaji. "Wakili ya turo, aure ya ɗauru, ga shi yau 'ya'ya huɗu, ba wanda ya ce a sake. Agwagwa ce za ta fi ƙarfin wakili?"

Mista Luwo ya dubi Alhaji. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya ta ƙwace masa, ya kifa kai a tebur yana dukan gilashi, har ma'aikaciyar ta leƙo ta ga ko lafiya. Da ya samu ya ɗago, yana share hawaye, ya tura takardun gaban Tasi'u.

"Mahaifina bai ce komai a kan wakili ba. Sa hannu."

Tasi'u ya zura hannu aljihu zai ɗauko biro, ya zaro biro tare da abin nan nannaɗaɗɗe, ya yi laushi, zaren aljihu ya manne masa. Kunya ta sa ya rasa inda zai kai shi, ya ajiye a kan gilashi. Yana cikin sa hannu ya ji gilashin ya motsa. Bai ɗaga kai ba.

Aka yi addu'a, aka shafa. Mista Luwo ya raɗa wa ma'aikaciyar magana, jim kaɗan ta dawo da wata jar jaka mai igiya, da ɗumi, ƙamshi na fita ta bakinta. Rabin agwagwa ce sabuwa, da wainarta da miyarta.

"Wannan taka ce, abokina. Ka je gida ka rufe ƙofa, ka ci inda ba mai ganinka."

Tasi'u ya ji ƙwalla ta cika masa ido, ta gaske wannan karon. Ya riga ya tsara komai a ransa: ba zai kai gida ba, bayan gidan man da ke kan kwana akwai wata inuwa. Ya miƙa hannu biyu zai karɓa, sai wani hannu ya riga shi. Alhaji ya rataya jakar a wuyan hannu, ya ɗauki sandarsa, ya nufi ƙofa.

"Baba!" in ji Mista Luwo. "Ta Tasi'u ce. Har yanzu fa bai ci komai ba."

Alhaji ya waigo, ya gyara wa jakar zama.

"Haba Mista. Na ba shi 'yata, ka ba shi injuna. Agwagwar ma shi za a ba?"